LAYAR RAGE SHAN MAI

 Na san da yawanku kun leƙo ne don ku ga inda labarinmu ya kwana, to ku yi mini afuwa, wannan karon ba labarin soyayya na zo da shi ba. Akwai wata magana da ta tsaya mini a maƙogwaro tun watan Afrilu na 2025, na yi ta juya ta a raina ina jin nauyin fitowa da ita domin da hannuna dumu-dumu a ciki. Amma na ga idan na ci gaba da yin shiru alhakin wasu bayin Allah zai ci gaba da hawa kaina. Magana ce a kan ɗan abin nan da ake talla a wayoyinmu dare da rana, wanda ake cewa da zarar ka soka shi a motarka shan mai ya ragu. Ni na sa masa suna layar rage shan mai, kuma in kun biyo ni za ku ga dalili.

Kowa ya san halin da aka shiga tun ranar 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a jawabinsa na kama mulki. Litar da muke saye ƙasa da naira 200, kafin mako ya zagayo ta kai wajen 500, zuwa watan Oktoba na 2024 ta tsallake naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Mu da muka ga yadda ƙasar nan ta tsaya cak a Janairun 2012 don an ɗaga lita daga naira 65 zuwa 141, sai ga mu muna ƙirga dubbai a bakin famfo. A cikin wannan watan na Oktoba ne tankar mai ta faɗi a Majiya ta Jihar Jigawa, mutane suka fito kwasa, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. Allah Ya jiƙansu da rahama. Na kawo wannan ne don a san irin matsin da mai ya jefa jama'a a ciki, domin a irin wannan yanayin ne macuci yake baje kolinsa.

Ni dai ina da wata tsohuwar mota 'yar Kwatano da nake ɗaukar littattafai da ita, in kai yara makaranta, in je gaida mahaifiyata ranar Juma'a. Ana cikin wannan tsada sai na ci karo da wani bidiyo a waya. Wani matashi ne tsaf-tsaf da shi, yana magana da Hausa mai daɗi, ya riƙe wani ɗan abu da bai fi babban yatsa ba, ya soka shi a ramin da muke cajin waya, wata shuɗiyar fitila ta kama. Ya ce fasahar Jamus ce, tana daidaita wutar mota, tana rage shan mai da kashi 30 cikin 100, kuma saura guda kaɗan. Na buga lissafi a raina na ga cikin mako biyu na mayar da kuɗina. Na tura naira 9,000, washegari mai babur ya kawo mini har gida. Kwalin babu sunan kamfani, babu adireshi, babu lambar kowace hukuma, amma kwaɗayi ya rufe mini ido.

Da a nan na tsaya da da sauƙi, da ni kaɗai na yi asara. Bayan kwana goma sai na ga kamar allurar mai ta daina sauka da wuri, na shiga zauren masu karatuna na rubuta yabo har da rantsuwa. Mutane suka yi ta neman lambar mai sayarwa, ni kuwa ina rabawa kamar wanda ake biya. Cikin waɗanda suka karɓa har da ƙanin matata, direban haya ne tsakanin Kano da Haɗeja, motar ma ba tasa ba ce, wani ne ya ba shi yana biya sannu-sannu. Har yau ina tuna abin da ya ce mini: "Yaya, tunda kai ka gwada ai magana ta ƙare."

Wata ranar Talata da azahar, rana tana dukan tsakar ka, matata ta shigo ɗaki da waya a hannu jikinta yana rawa, ta ce, "Malam, tashi, motar yaron nan ta kama wuta." Yadda ya ba mu labari daga baya, suna cikin tafiya da fasinja cike, har da mai goyo a gaba, sai suka ji ƙaurin roba, kafin ya gangara gefen titi hayaƙi ya turnuƙe daga ƙasan rediyo. A but kuma akwai jarka biyu ta fetur da ya saya a Kano don ya fi sauƙi. Allah Ya taimake shi kan batirinsa ba a ɗaure yake tamau ba, ya fizge shi da hannu, mutanen ƙauyen suka kawo ɗauki da ƙasa. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi, amma ya ƙone a hannu, wayarin gaban motar ya narke, ƙwaƙwalwar motar ta tafi, ya yi mako uku bai fita aiki ba, mai mota kuma bai ɗaga masa ko sisi ba.

Da aka jawo motar na bi su wajen mai wayarin da na daɗe ina hulɗa da shi, dattijo ne da ya haura shekara talatin a sana'ar. Ya buɗe akwatin fis ya zaro na ramin caji ya miƙo mini, sai na ga an naɗe ƙafafunsa da zaren jan ƙarfe. Ya dubi ƙanin matata ya ce, "Kai yaro, wa ya yi maka wannan aika-aikar?" Ashe tun da ya soka abin, sau biyu fis yana ƙonewa, a karo na biyu wani riwaya na bakin tasha ya ɗaure masa shi da waya ya ce an wuce wurin. Dattijon ya girgiza kai ya ce, "Sau biyu motarka tana yi maka ihu, ka sa aka toshe mata baki." Daga nan ya juyo kaina ya ce, "Malam, kai ma kana da irinsa ko? Kawo shi." Na ciro nawa na ba shi, ya sa sukundireba ya ɓalle shi a kan benci.

Jama'a, wallahi abu uku ne a ciki. Akwai ɗan kafasito da bai kai gaɓar yatsa ba, ɗan uwan wanda masu gyaran rediyo suke sayarwa a tire. Akwai 'yar rasista kamar ƙwayar shinkafa. Akwai ƙwan shuɗiyar fitilar nan da ta ruɗe ni. An liƙa su da dalma a gurguje, har wani ɗigon dalmar yana lilo. Na tuna labarin da ake ba mu muna yara na mutumin da ya shekara yana rataye da laya yana shiga daji da ƙarfin zuciya, ranar da fatar ta yage sai ga guntun takarda fara fat. Aƙalla shi layarsa ba ta haɗe da batir.

Dattijon ya yi mini bayanin da ya kamata in nema tun kafin in fitar da kuɗina. Ramin cajin nan waya biyu ce kacal take zuwa masa, ɗaya mai kawo wuta daga batir ta cikin fis, ɗaya mai komawa jikin mota. Babu wata waya da ta tashi daga nan ta nufi ƙwaƙwalwar mota ko nozul. Wanda ya ce zai rage shan mai ta wannan ramin, daidai yake da wanda ya soka wani abu a soket ɗin ɗakinsa ya ce zai sa madatsar Shiroro ta rage shan ruwa. Batun daidaita wuta kuma, ai motar ta zo da kayan aikinta. Batir yana riƙe da wuta bolt 12, altaneta tana caji tsakanin 13.5 da 14.5 idan inji yana aiki, a jikinta akwai abin da yake hana wutar wuce kima, ita ma ƙwaƙwalwar motar tana tace wutar da take sha. Ƙara ɗan kafasiton nan a kan batir kamar ka je dam ɗin Tiga ne da cokali ka ce ka kawo gudummawar ruwa.

Na koma gida na ce sai na bi diddigin abin nan, kuma abin da na tarar ya ƙara mini takaici, domin ashe tsohuwar damfara ce da aka daɗe da tona asirinta a inda ta fito. Tun bayan tsadar mai ta 1973 ake fito da irin waɗannan tarkace a Amurka: maganaɗisun da ake ɗaurawa a bututun mai, fankar da ake cusawa a hanyar iska, ruwan da ake ɗigawa a tanki. Hukumar kare muhalli ta ƙasar, EPA, ta gwada sama da guda 100 a tsawon shekaru, ba ta sami wanda ya rage shan mai ragi na a-zo-a-gani ba, wasu ma an ga suna iya lalata inji ko su ƙara hayaƙi. A 2005 mujallar Popular Mechanics ta gwada wasu daga cikinsu, ɗaya da ake maƙalawa a wayoyin fulogi ya narke ya kama wuta ana tsakiyar gwajin. A 2006 hukumar kasuwanci ta FTC ta sa masu sayar da maganaɗisun FuelMAX suka amince da biyan sama da dala miliyan 4 saboda tallan ƙarya. A 2010 Consumer Reports ta gwada wani mai suna Fuel Doctor, wanda shi ma a ramin kunna taba ake soka shi kamar nawa, ta ce bai rage komai ba.

Da kasuwar wancan ta fara sanyi sai suka fito da sabon samfuri wanda ya fi kama da gaskiya, kuma shi ne ya fi yawo yanzu. Duk motar da aka yi don kasuwar Amurka daga 1996, da masu shan fetur na Turai daga 2001, suna da wani soket mai ƙafa 16 a ƙasan sitiyari da ake kira OBD. Nan ne bakanike yake soka kwamfutarsa ya karanta abin da yake damun mota, kuma wannan aiki ne na gaskiya, babu wanda ya ce a guje shi. To sai macuta suka ƙera ɗan akwati mai shiga wannan soket, kore ko shuɗi na rage shan mai, rawaya ko ja na ƙara ƙarfin inji. A takardar ciki za a ce ka yi tafiyar kilomita 200 kafin ya gama nazarin tuƙinka. A 2017 masana na kamfanin Quarkslab da ke Faransa suka ɓare ɗaya mai suna Nitro OBD2, suka bi shi ƙafa da ƙafa, suka tarar ba ya aika wa mota ko kalma ɗaya, aikinsa kawai ya riƙa ƙyafta fitilu. Wannan kilomita 200 kuwa, ni a ganina, lokaci ne da mai sayarwa yake buƙata ya kashe waya.

Bari in faɗi dalilin da ya sa abin ba zai taɓa yiwuwa ba, yadda ni mai takardar sakandare na fahimce shi. Injin fetur yana buƙatar iska da mai a kan ma'auni, kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai a nauyi. Ƙwaƙwalwar mota ce take auna wannan, tana karɓar rahoto daga na'urar da ke shinshinar hayaƙi a salansa, tana gyara yawan man da nozul zai fesa a kowane lokaci. A lafiyayyen inji kusan duk man da ya shiga ƙonewa yake yi, babu wani kashi 30 da yake zurarewa a ɓoye yana jiran mai ceto. Asarar da ake yi ta zafi ce, domin abin da yake juya taya bai fi kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man ba, saura yana fita ta lagireto da salansa. Wannan ɗabi'ar injin ce, injiniyoyi sun haura shekara 100 suna kokawa da ita, suna samun ragi kaɗan-kaɗan da gumin goshi.

Na san wani zai ce, ai ni na gwada kuma na gani da idona. Ɗan uwa, ni ma na gani da idona, har rantsuwa na yi. Amma da na ɗauko littafin da nake rubuta kuɗin shiga da fita, na duba litar da na saya wata uku kafin layar da wata uku bayanta, sai na ga babu wani bambanci, in ban da makonni biyun farko da aka sami ɗan ragi. Da na yi tunani sai na gano sirrin. A waɗannan kwanakin lallaɓa motar nake yi kamar mai ɗauke da ƙwai, ba na taka totur da ƙarfi, ba na kunna sanyi, idona kullum a kan allura, domin ina son abin da na saya ya yi aiki. Ƙafata ce ta rage shan man, laya ta karɓe yabon. Allurar mai kuma ba ma'auni ba ce, a motoci da yawa takan daɗe a sama sannan ta rufto. Mai son gaskiya ya cika tanki har famfo ya tsaya, ya rubuta lambar kilomita, ya yi zirga-zirgarsa, ya koma famfon ya sake cikawa, ya raba kilomita da lita. Idan ka yi kilomita 400 ka sha lita 40, motarka tana yin 10 a lita. Ka maimaita sau uku da abin, sau uku babu shi, sannan ka zo mu yi magana.

Wani kuma zai ce manyan kamfanoni ne suke ɓoye fasahar don a ci gaba da sayen mai. To mu tambayi kanmu, masu ƙera mota mai suke sayarwa? Gasa suke yi a kan wa zai fi wani ƙarancin shan mai, gwamnatocin Turai da Amurka da Japan kuma suna matsa musu da doka. Toyota sai da ta haɗa inji da batir da injin lantarki a mota ɗaya ta fito da Prius a 1997 don ta rage shan mai. Yanzu a ce akwai abin naira 9,000 da zai rage kashi 30, duk injiniyoyinsu ba su gan shi ba, sai wani yaro mai bidiyo da ba shi da ko shago? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Maganar da ta fi ba ni tsoro ita ce ta masu cewa, to ko bai yi amfani ba ai bai cutar ba. Zan yi adalci, ba kowanne ne yake tayar da gobara ba, da yawa haka za su yi ta ƙyafta ido har a gaji a jefar. Amma wa ya duba naka ya ce maka yana cikin masu lafiya? Abu ne da babu wanda ya san inda aka ƙera shi, babu fis a cikinsa, dalmarsa ta gaggawa ce, za ka haɗa shi da batirin da yake iya narkar da sifana idan ta haɗa kawunansa biyu. Irin wannan kafasito ruwa ne a cikinsa, zafi yana busar da shi ko ya kumbura shi har ya fashe, ga shi a bazara garinmu yana haura digiri 40 a inuwa, balle cikin motar da aka rufe a rana. Ga ramukan hanyoyinmu da suke girgiza duk abin da bai liƙu da kyau ba. Shi kuma na ƙasan sitiyari, ƙafarsa ta 16 kullum da wuta ko ka zare makulli, don haka yana tsotsar batir kana barci, wanda batirinsa ya tsufa kuma ya ajiye mota kwanaki zai iya tarar da ita ta ƙi tashi. A wannan soket ɗin ne kuma wayoyin da sassan mota suke magana da juna suke, ƙafa ta 6 da ta 14 a sababbin motoci. Idan ɗigon dalma ya haɗa su da wuta, fitilun dashbod za su rikice, mota tana iya mutuwa a tsakiyar titi, ƙwaƙwalwa tana iya ƙonewa.

A ƙasar da aka bar fis yadda kamfani ya sa shi, ƙarshen abin fis ya ƙone a canza. Mu kuwa mu faɗa wa kanmu gaskiya, motoci nawa ne a tashoshinmu da ba a ɗaure fis ɗinsu da waya ko takardar kwalin taba ba? Fis ɗin ramin caji yawanci na amfiya 10 ne zuwa 20, an yi shi ne ya mutu don waya ta tsira. Idan ka ɗaure shi, wayar da ke bayan dashbod ita ce za ta yi ja ta narke, a tsakiyar roba da soso. Ka haɗa wannan da jarkar fetur a but, da fasinja an cusa su kamar kifin gwangwani, da ƙofar da sai an buɗe ta daga waje, da tukunyar kashe gobarar da aka saya don 'yan kiyaye haɗurra kawai, wadda ta daɗe da mutuwa. Abin da yake wasa a wata ƙasa, a nan ajali ne yake jiran rana. Kuma ku sani yana da ɗan uwa na gida, wanda ake cewa a soka a bango mita ta rage gudu. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, kafasito da fitila, shi kuma a ɗakin da 'ya'yanka suke kwana za ka bar shi.

To laifin wa? Na farko masu shigo da shi, domin su sun san abin da ke ciki, sun ga farashin da suka saro shi. Kada wanda ya ce mini talaka ne yake neman abinci. Mai sayar da ruwan sanyi a danja talaka ne, kuma ruwan yake ba ka. Wanda ya karɓi kuɗin direban da bai gama biyan mota ba ya miƙa masa fitilar wasan yara, ha'inci ya yi, ko da wane suna ya kira shi. Na biyu mu masu baki, marubuta da 'yan fim da mawaƙa da masu barkwanci a waya, waɗanda jama'a suka yarda da mu. Wasu an biya su, wasu irina ko biyan ma ba a yi ba, muka ɗauki amanar masoyanmu muka miƙa wa wanda ba mu taɓa gani ba. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ƙanin matata bai san mai bidiyon nan ba, ni ya sani.

Na uku hukumomi. Muna da SON mai kula da ingancin kaya, muna da FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, muna da ARCON mai sa ido a kan tallace-tallace. Ina kira gare su da babbar murya, su sayi waɗannan abubuwa su ɓare su a gaban kyamara, su yi bayani da Hausa a gidajen rediyo, domin direban da ke tashar mota ba ya karanta sanarwar Turanci. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi su ma su hana soka irin wannan a motar haya, su riƙa duba akwatin fis kamar yadda suke duba kuɗin tikiti. Na huɗu mu kanmu, masu son a ce ga hanyar sauƙi. Ba mu daɗe da ganin yadda MMM ta rufe da kuɗin jama'a a Disambar 2016 ba, amma har gobe in aka ce ga riba babu wahala mu ne a sahun gaba.

Ba zan rufe ba sai na faɗi abin da yake rage shan mai da gaske, don kada a ce na rushe ban gina ba. Ka riƙa duba iskar taya kowane mako biyu da safe kafin ta yi zafi, adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, ba a bakin mai faci ba. Ka daina figar mota kana cin birki, wannan kaɗai yana cin mai fiye da yadda kake zato, musamman a cunkoso. A babbar hanya, da zarar ka wuce kilomita 80 zuwa 90 a awa iska ce take shanye maka mai. Ka sauke tarkacen but da na saman mota. Ka kashe inji idan tsayuwar za ta yi tsawo, motar zamani ba ta buƙatar a bar ta tana ɗumi minti goma da safe. Ka canza fulogi da baƙin mai a kan lokaci. Idan fitilar inji ta kama a dashbod, ka je a sa kwamfuta, kada ka bari a cire ƙwan ko a liƙe shi da baƙin salatif, domin na'urar salansa guda ɗaya in ta mutu tana iya sa mota ta riƙa kwankwaɗar mai. Wanda ya zaɓi komawa gas na CNG, wannan hanya ce ta gaskiya, amma ya je cibiyar da aka amince da ita, domin a Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a gidan gas a birnin Benin saboda tukunyar da aka haɗa ta bayan fage, mutane suka jikkata.

Ni dai na biya rabin kuɗin gyaran motar ƙanin matata, da kuɗin da na tara don buga sabon littafi, kuma ko da na biya duka ba zan goge tabon da ke hannunsa ba. Na bi waɗanda na tuna na ba su lambar ɗaya bayan ɗaya na ce su cire, amma na san akwai waɗanda suka tura wa wasu, su ma suka tura gaba. Idan kana cikinsu, ko kana da irin wannan abu a motarka ko a bangon ɗakinka, don girman Allah ka tashi yanzu ka zare shi. Gobe ka kai motarka wajen mai wayarin kirki ya buɗe akwatin fis a gabanka, duk wanda aka ɗaure da waya a cire a sa sabo mai lambar da ta dace. Idan fis ya ƙone sau biyu a wuri ɗaya, a nemi dalili kafin a sake tayar da mota. Wanda kuma ya saya saboda maganata, ina roƙonsa ya yafe mini.

Allah Ya kare mu daga sharrin macuta, Ya kawo mana sauƙin rayuwa, Ya sauke matafiyanmu lafiya. Mu haɗu a ci gaban labarinmu in Allah Ya kai mu. Wassalam.